Kawuna ya sayi injin kwaɓi na biyu amma burodi bai ƙaru ba: me darasin gudanar da ayyuka ya ce?

Ɗalibin Kasuwanci:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni ɗalibi ne a aji biyu na jami'a, ina karanta harkokin kasuwanci, kuma a wannan zangon aka haɗa mu da darasin gudanar da ayyukan samar da kaya da hidima. Na haddace ma'anonin da aka rubuta mana a allo, irin su ƙarfin samarwa, kayan ajiya, inganci da hasashen buƙata, amma har yanzu ina jin su kamar tubalan da aka zube a fili ba a ɗora wani a kan wani ba, domin ban gano abin da ya ɗaure su wuri guda ba.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne halin da gidan burodin kawuna yake ciki, inda nake taya shi rubuta lissafi idan an yi hutu. Kullum da asuba masu shayi da masu kanti suna zuwa ɗaukar burodi, kuma sau da yawa na ƙarshensu sukan koma hannu rabbana saboda ya ƙare. Ganin haka, bara ya sayar da shanunsa biyu ya sayi injin kwaɓi na biyu, yana mai sa ran abin da yake fitarwa zai ninka. Yau wata bakwai ke nan, adadin burodin da ke fita a rana yana nan inda yake, kuɗin man janareta ya ƙaru, kuma kwaɓi yana taruwa a cikin gwangwanaye a kan katako har ya kumbura ya zubo ta gefe, wani ma ya yi tsami a zubar. Kawu ya tsaya a kan cewa yaran aikin ne ba su da hanzari, ni kuwa ina ganinsu suna jiƙe da gumi tun daga magariba har gari ya waye.

Ina roƙon malamai da waɗanda suka yi aiki a masana'antu su bayyana mini ginshiƙan wannan darasi ta hanyar wannan misali, domin in fahimci karatuna, in kuma samu abin da zan faɗa wa kawu cikin ladabi.

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi dace da ka samu gidan burodi a hannunka, domin duk abin da aka rubuta maka a allo yana faruwa a cikinsa kowane dare.

Tushen darasin shi ne kowace sana'a tana karɓar wasu abubuwa, ta sauya su, ta fitar da abin da mutum zai biya kuɗi ya karɓa. A wurin kawunka fulawa, sukari, yis, itace, ƙarfin ma'aikata da lokacin injuna ne ke shiga, burodi ne ke fita, kuma duk abin da ke faruwa tsakanin buhun fulawa da hannun mai shayi shi ne fagen mai gudanar da ayyuka. Mai kula da talla yana nemo mai saye, mai kula da kuɗi yana nemo jari, shi kuwa wannan aikinsa ne ya tabbatar an cika alkawarin da aka ɗaukar wa mai sayen. Haka abin yake a asibiti, inda marar lafiya ne ke shiga ya fita da sauƙi, da kuma banki, inda bayanai da kuɗi ne ke bin matakan.

Da yake aikin matakai ne da ke bin juna, adadin da gidan zai iya fitarwa daidai yake da adadin da matakin da ya fi kowanne jinkiri zai iya wucewa da shi. Wannan matakin shi nake kira matsatsi, kamar ƙofar garke wadda komai yawan shanun da ke bayanta ɗaya bayan ɗaya za su fita. Ban ga gidan ba, amma bayaninka ya riga ya nuna wurin, domin a gaban matsatsi ne kaya ke taruwa, kuma ka ce kwaɓi ne ke jiran gashi. Mu ƙaddara injin farko yana kwaɓa abin da zai cika gwangwani 300 a awa guda, tanda kuma tana gasa 200. Tun kafin a sayar da shanun, injin ya riga ya fi ƙarfin tanda, saboda haka na biyun bai ƙara komai ba sai yawan kwaɓin da ke jira. Wani masanin kimiyyar fiziks ɗan Isra'ila, Eliyahu Goldratt, ya yi suna a shekarun 1980 da wannan fahimta. Koyarwarsa ita ce a fara gano matsatsin, a hana shi zaman banza ko na minti ɗaya, a sa sauran matakai su yi tafiya daidai da saurinsa, sai bayan an yi wannan duka a kashe kuɗi wajen faɗaɗa shi, sannan a sake dubawa domin matsatsin zai koma wani wuri.

Tsamin kwaɓin ma lissafi ne yake bayyana shi. A shekarar 1961 wani masani mai suna John Little ya tabbatar da wata ƙa'ida mai sauƙi, cewa yawan abin da ke cikin layi daidai yake da saurin wucewarsa idan aka ninka shi da tsawon lokacin da kowane ɗaya ke ɗauka a ciki. Idan gwangwani 400 ne a kan katako, tanda kuma tana ɗaukar 200 a awa, to kowane gwangwani sai ya yi awa biyu yana jira, ko da yaran sun yi gudu kamar barewa. Kwaɓin da yis ke aiki a cikinsa ba ya haƙurin awa biyu a zafin watan Afrilu.

Sauran kalmomin da ka haddace suna rataye ne a jikin tambaya ɗaya: da me wannan sana'a take son ta fi abokan gasarta? Littattafan fannin sukan ambaci abubuwa biyar, wato araha, inganci, sauri, cika alkawari a kan lokaci, da iya sauya salo idan buƙata ta sauya, kuma da wuya a samu dukkansu a lokaci guda. Henry Ford ya zaɓi araha. A 1913 ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park a jihar Michigan ta Amurka, lokacin haɗa gangar mota ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi, farashin motar Model T kuma ya faɗo daga wajen dala 850 zuwa ƙasa da dala 300 a shekarun 1920. Sai dai layin an gina shi ne domin mota iri ɗaya tak, don haka da masu saye suka koma son launuka da samfura daban-daban irin na kamfanin General Motors, dole a 1927 ya rufe masana'antar na tsawon watanni domin sauya injuna. Shi ma kawunka yana yin irin wannan zaɓi a duk lokacin da ya yanke shawarar ko ya tsaya a kan girman burodi biyu ko ya yi biyar, domin kowane sauyin gwangwani yana cin lokacin tanda.

Kafin ka ce wa kawu komai, ka ɗauki agogo da littafi ka kwana a gidan burodin dare uku. Ka rubuta lokacin da aka zuba kaya a tanda, lokacin da aka kwashe, da mintunan da ta yi babu komai a cikinta, tare da dalilin kowane zaman.

Ma'aikaciyar Sharaɗa:

Malam ya gama magana a kan matsatsi, Allah ya ƙara basira. Ni zan tsaya ne a kan maganar kawun cewa yaran ba su da hanzari, domin ta taɓa ni. Na yi shekaru ina duba ingancin kaya a wata masana'antar robobi, kuma akwai lokacin da bokitai suka riƙa fitowa da gindi mai rauni, suna tsagewa da zarar an cika su da ruwa. Shugaban sashe ya yanke wa masu aikin dare albashi har sau biyu, aka sallami wani bawan Allah mai 'ya'ya huɗu, tsagewar kuma ba ta daina ba. Sai da muka fara auna kaurin gindin bokiti biyar a kowace awa muna ɗiga sakamakon a takarda, sannan muka ga cewa raunin yana zuwa ne bayan kowace ɗaukewar wuta, lokacin da ake komawa kan janareta, robar da ke cikin injin ta ɗan huce, a ci gaba da aiki ba a jira zafinta ya daidaita ba. Da dare aka fi ɗauke wuta, shi ya sa laifin ya faɗa kan masu aikin dare. Har yau idan na tuna mutumin nan da aka sallama raina yana ɓaci.

Takardar da muka yi amfani da ita Walter Shewhart ne ya ƙirƙiro ta a 1924, yana aiki da kamfanin Western Electric a Amurka. Abin da ya gano shi ne babu aikin da ke fitar da abu biyu daidai wa daida, kullum akwai ɗan bambanci, kuma bambancin iri biyu ne. Akwai wanda tsarin aikin kansa ke haifarwa, wanda ba ya wuce wasu iyakoki, akwai kuma wanda wani dalili na musamman ya kawo, kamar lalacewar inji ko sauyin kayan haɗi. Wanda bai rarrabe su ba zai riƙa hukunta ma'aikaci a kan abin da ba ya hannunsa. Edwards Deming, wanda ya koyar da shugabannin kamfanonin Japan wannan ilimi tun daga 1950, ya dage a kan cewa mafi yawan matsalolin inganci daga tsarin da shugabanni suka shimfiɗa suke fitowa, kuma su kaɗai ke da ikon gyara shi.

Ƙanena, ka lura da wani abu a darasinku: duba kaya a ƙarshen layi ba ya samar da inganci, yana dai tsince marar kyau bayan an riga an kashe masa fulawa da itace. Tun a 1924 Sakichi Toyoda, mahaifin wanda ya kafa kamfanin motocin Toyota na Japan, ya ƙera injin saƙa mai tsayawa da kansa idan zare ɗaya ya tsinke, domin kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi, kuma daga nan kamfanin Toyota ya gaji al'adar bai wa kowane ma'aikaci ikon jan igiya ya tsayar da layi idan ya ga matsala. A gidan burodi wannan yana nufin a auna fulawa da yis da sikeli maimakon ƙiyasin hannu, a auna nauyin kowane curi kafin a sa shi a gwangwani, kuma a bai wa mai kula da tanda damar ya ce kada a zuba wannan kwaɓin domin ya wuce lokacinsa. Gasa kwaɓin da za a dawo da burodinsa gobe asara ce biyu, tunda ya cinye gurbin mai kyau a wurin da gurbi ya fi tsada.

Dillalin Hatsi:

Ina da ja a kan wani ɓangare, kuma ina so ɗalibin nan ya ji shi kafin ya shiga jarrabawa ko ya je gaban kawunsa. Duk inda aka ambaci Toyota, abin da ke biyo baya shi ne a ce tara kaya a sito ɓarna ce, a sayo komai daidai lokacin da ake buƙatarsa. Gaskiya ne Taiichi Ohno, wani injiniyan Toyota, ya gina tsarin kamfanin a kan haka, ya ɗauko dabarar daga yadda manyan kantunan Amurka ke mayar da abin da mai saye ya ɗauka kawai a kan kanta, kuma mutanensa suna kwatanta kayan ajiya da ruwan kogi mai rufe duwatsu, sai ya janye ake ganin inda matsala take. Game da kwaɓin da ke jibge a gaban tanda na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Game da buhunan fulawa da sukari da man janareta kuwa, ban yarda ba.

Tsarin Ohno yana tafiya ne inda mai kawo kaya yake kusa, hanya take da kyau, farashi kuma ba ya tsalle tsakanin safiya da yamma. Su kansu Toyota sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta ranar 11 ga Maris 2011, inda masana'antunsu suka tsaya saboda rashin wasu ƙananan sassa, aka ɗauki watanni kafin aiki ya koma daidai, kuma bayan nan suka nemi masu kawo musu sassan lantarki su riƙa ajiye na watanni. Mu ma muna da namu misalin a gida. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa a jihar Kano an gina ta ne domin sarrafa tan 1,200 a rana, ta fara aiki a 2016, kuma cikin 'yan watanni ta tsaya saboda tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir. Injunan lafiyarsu ƙalau, abin da za a zuba musu ne babu. Matsatsin wata sana'ar yana can wajen katangarta, a gona ko a kan hanya, kuma wannan ne ake nufi idan aka ce a kula da dukkan hanyar da kaya ke bi tun daga manomi har zuwa mai ci.

Tambayar da ta dace ita ce nawa za a ajiye. Wani injiniya mai suna Ford Harris ya ba da lissafinta tun 1913: yawan zuwa sayayya yana cin kuɗin mota da lokaci, tara kaya da yawa kuma yana daskarar da jari, ga haya, ga ɓera da ƙwari da danshin damina, saboda haka akwai adadin da jimillar kuɗaɗen biyu ta fi ƙanƙanta a kansa. Wani abin sha'awa a lissafin shi ne idan buƙata ta ninka sau huɗu, adadin da ya kamata a sayo a tashi ɗaya sau biyu kawai yake ninkawa. A kan wannan adadin sai a ɗora na ko-ta-kwana gwargwadon yadda mai kawo kaya yake saɓa alkawari. Hasashen buƙata kuma a wurinmu ba ya rabuwa da kalanda, domin cinikin burodi a watan azumi daban yake da na sauran watanni, na hunturu da ake yawan shan shayi daban da na bazara, kuma littafin lissafin da kake rubutawa ya fi kowane ƙiyasi faɗin gaskiya idan ka jera na bara kusa da na bana.

Ɗalibin Kasuwanci:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam, na bi umarninka na kwana uku da agogo a hannu, ga abin da na samu. Tanda tana ɗaukar gwangwani 120 a zubi ɗaya, gashin kansa minti 25 ne, amma kwashewa da sake zubawa da ƙara itace har zafi ya dawo suna cin kusan minti 20, domin mutum biyu ne kaɗai ke yin duka, kuma sai an kwashe sannan ake fara jawo sababbin gwangwanaye daga ɗaya ɗakin. Ke nan zubi ɗaya minti 45 ne, wato 160 a awa. Injin kwaɓi ɗaya yana cika 250 a awa shi kaɗai. Da ƙarfe biyun dare na ƙirga gwangwani 320 suna jira, wanda bisa ƙa'idar da ka kawo jiran awa biyu ne cif. Ban da wannan, tanda takan zauna babu komai kusan minti 40 lokacin da kowa ya tashi cin abinci tare, da kuma lokacin sallar asuba. Yaya Ma'aikaciyar Sharaɗa, na kuma auna curi ashirin na girma ɗaya, na tarar bambancin nauyinsu ya fi yadda nake zato nesa ba kusa ba, domin da ido ake yankawa.

Yanzu abin da ya rage mini shi ne yadda zan gabatar da wannan ba tare da kawu ya ji kamar ina ce masa ya yi asarar shanunsa ba.

Tsohon Malami:

Madalla, ɗana, aikin da ka yi shi ne darasin. Ka fara masa da minti 20 ɗin nan, kada ka fara da injin. Idan aka ɗauke mutum biyu daga wajen kwaɓi, tunda can an fi ƙarfin buƙata, suka jera gwangwanayen zubi na gaba a bakin tanda tun kafin a buɗe ta, aka kuma tanadi itace a kusa, ba abin mamaki ba ne lokacin ya sauko zuwa minti 10. Zubi zai koma minti 35, wato wajen 205 a awa maimakon 160, kuma a aikin awa goma ƙarin burodi 450 ke nan ba tare da an sayi ko ƙusa ba. A raba cin abinci kashi biyu, a kuma daidaita zubi ya shiga tanda daf da lokacin sallah, mutum ɗaya ya tsaya gadinsa ya yi tasa da zarar sun dawo.

Kwaɓin da ke jira kuma a ƙayyade shi da tsawon lokacin da yake buƙata ya tashi. Idan awa ɗaya ce a wannan yanayin, kada gwangwanayen da ke kan katako su wuce abin da tanda ke ci a awa ɗaya, mai injin ya dakata har sai an ɗebe zubi sannan ya sake kwaɓawa. Da hunturu, da yake kwaɓi yana jinkirin tashi, sai a ƙara adadin.

Game da injin na biyu, gaskiyar da za ka faɗa masa ita ce a yanzu shi ne madogararsa ranar da na farko ya lalace, kuma kashe shi a sauran ranaku zai rage kuɗin mai. Ranar da ya gina tanda ta biyu, abin da ake gasawa ya haura 250 a awa, injin zai shiga aiki sosai. Kafin wannan rana ka je ka auna wurin da burodi ke hucewa da wurin sa shi a leda, domin ina kyautata zaton can ne kaya za su fara taruwa da zarar tanda ta ƙara sauri. Ka kai masa littafin da ka rubuta a cikin dararen nan uku, ka buɗe shafin mintunan da tanda ta zauna babu komai, ka bar shi ya karanta da kansa, sannan ka nemi izininsa a gwada sabon tsarin na mako ɗaya.